Wayar Da Ta Ƙi Jin Maganar Mama

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kana lafiya kai da Mama. Ni ma lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Tun da kunnuwanka suka daina ji na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar makarantar kwana, har direban da nake ba saƙo ya fara tambayata ko wayata ce ta lalace. Na ce masa a'a, Babana ne ya ce yatsun da suka tsufa a masaƙa ba za su iya da ƙananan haruffan waya ba, a ba shi biro da takarda a huta.

Yau da albishir na zo. Zuwana na ƙarshe na ga yadda kake zama a falo, ana hira ana dariya, kai kana bin bakunan mutane da kallo, can sai ka miƙe ka shige ɗaki. Mama ta ce ko bencin ƙofar shagon Tela ka daina zuwa. Mutumin da duk unguwa ke kira Foman, wanda a da muryarsa ke danne ƙarar injina! Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ina amfanin aikin da nake yi na rubuta wa kamfanoni manhajojin waya, in ban rubuta wa Babana ko ɗaya ba?

To, na rubuta. Duk lokacin da na samu sarari a ofis ita nake yi. Tana sauraron abin da mutum ke faɗa ta rubuta shi a fuskar waya da manyan haruffa, kuma ba ta neman data. Na gwada a wayata, kafin in rufe baki ta gama rubutawa.

Ka kai wayarka wurin mai gyaran waya na bakin titinmu, na riga na tura masa, zai saka maka. Maɓalli kore ɗaya za ka danna. Ka gwada ka aiko mini da rahoto, kada ka ɓoye mini komai don kunya ko tausayi.

Ka gaishe mini da Mama. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Takarda daga hannun Babanki zuwa ga Auta.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina sanar da ke saƙonki ya iso. Na karanta da ido, na sake karantawa da tabarau. Allah ya yi miki albarka.

Ga rahoto, tun da shi kika nema, kuma kin san ni ba a koya mini rubuta rahoto.

Mai gyara ya saka abin, na ɗauka na nufi shagon Tela. Da ya hango ni ya tsayar da keken ɗinki ya miƙe, bakinsa na ta motsi. Na ajiye wayar a kan teburin yanka na danna koren. Ba ta rubuta komai ba. Ya zauna, ya ci gaba da ɗinki, ya gama hannun riga guda, sannan ta rubuta: "Lale marhabin da Foman, ashe kana duniya!" Na amsa da ƙarfi na ce, "Ina nan daram!" Saura ƙiris ya ɗinke yatsansa, don shi ya daɗe da manta ya gaishe ni.

Haka muka yi ta fama. Ɗaya daga cikin 'yan bencin ya ba da labarin ban dariya, kowa ya yi dariyarsa ya share hawaye, aka shiga zancen wani da aka kwantar a asibiti, fuskoki duk sun yi nauyi, sai ga labarin dariyar ya iso gare ni. Na fashe da ita ni kaɗai a tsakiyar jaje. Auta, na ji kunya ba kaɗan ba. Amma labarin da daɗi, kuma rabona da dariya irin wannan har na manta.

Bayan haka wayar ta ɗauki zafi kamar dutsen guga. Tela ya ce in ara masa ya goge kwalar riga. Kafin in dawo gida ta mutu murus.

Kada ranki ya ɓaci. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ita wannan ta daɗe ƙwarai. Mamanki tana gaishe ki. Ta ce ko kina cin abinci, don a hoton da kika aiko wuyanki ya fito.

Allah ya tsare. Wassalam.

Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta sa ni dariya a tsakiyar ofis har na kusa da ni ya leƙo ya ce ko an ƙara albashi ne.

Na gano matsalar, kuma daga wajena take. Bari in yi maka bayani da harshen masaƙa. A cikin kowace waya akwai ƙwaƙwalwa, wani ɗan abu da bai kai farcen babban yatsa ba. Ita kuma ta kasu gida-gida, kowane gida yana iya riƙe aikinsa daban. Mu a ofis "kor" muke ce wa kowane gida, amma kai ka ɗauke su ma'aikata ne a sashe ɗaya. Tawa wayar ma'aikata takwas gare ta. Sai na raba aikin sauraro kashi takwas, na kafa takwas ɗin a cikin manhajar, kamar duk duniya irin wayata ake riƙewa. Na tambayi mai gyara samfurin taka, ashe huɗu gare ta. Ka ga ke nan kowane ma'aikaci an tsayar da shi a kan inji biyu, ya taɓa wannan ya ruga ga wancan, ga gumi ga rashin ci gaba. Zafin ke nan, jinkirin ke nan.

Da farko na yi niyyar goge takwas in rubuta huɗu. Sai na tuna ba kai kaɗai ne mai wannan lalura ba, kuma in ta yi kyau ina so kowa ya samu, mai tsohuwar waya da mai sabuwa. Don haka na koya mata tambaya. Yanzu da an buɗe ta, kafin ta taɓa komai, sai ta tambayi wayar da take ciki, "Ma'aikata nawa gare ki?" Abin da aka amsa mata, da shi za ta raba aiki. Layi ɗaya ne tak na rubutu, amma da shi da babu shi, ka ga bambancin.

Na tura wa mai gyara sabuwar. Ka ce wa Tela ya nemi dutsen gugarsa. Ka kuma ce wa Mama ina cin abinci, hoton ne ba shi da kirki.

'Yarka,
Auta

*

Daga Babanki zuwa ga Auta.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuta miki wannan ne cike da murna.

Abin ya yi! Kin san yanzu da safe in na zauna a benci sai in fara kallon ƙwallon jiya a wayar, tun da ita ƙwallo ba ta bukatar kunne. Ina gamawa na danna koren. Tela ya buɗe baki, rubutu ya biyo shi kamar zare na bin allura. Ya ce mai tsaron gidan ƙungiyarsa babu kamarsa. Na ce ƙarya ne, kwando ma ya fi shi riƙe abu. Nan fa gardama ta kaure. Ashe duk tsawon lokacin nan ba ni nan, sun bar shi yana sheƙe ayarsa babu mai taka masa birki. Yanzu na dawo bakin aiki.

Daga nan na wuce kantin magani. Yarinyar da ke sayarwa ta ɗauko takarda za ta rubuta mini yadda ake sha, kamar kullum. Na ce, "Faɗi da bakinki, 'yata." Ta faɗa, na karanta, na yi mata tambaya, ta amsa. Na fito ina tafiya kamar wanda aka ƙara wa muƙami.

Kuma ba ta zafi yanzu, sai ɗan ɗumi.

Sai dai akwai abu guda, ban san yadda zan faɗa ba. Wayar nan tana jin kowa, ban da Mamanki. In na dawo gida na ci abinci, na ajiye ta a kan kantar ɗaki na ɗan kishingiɗa, da la'asar sai in ɗauko mu zauna da ita a tsakar gida. In danna kore, ta yi magana, sai abin ya koma halinsa na da. Kalma ɗaya ta fito, a jira, wata ta fito a gurguje, sauran su ɓace. Jiya ta yi magana mai tsawo, har da nuni da hannu, abin da na samu kawai shi ne "kai" da "bokiti". Na ce mata wataƙila wayar tsoronta take ji, kamar sauran mutanen gidan. Ba ta yi dariya ba.

Ki duba mini wannan, Auta. Gardamar Tela da daɗi, amma ba don ita na fi son abin nan ba.

Wassalam.

Babanki

*

Auta,

Sallama. Da fatan kina lafiya. Na ƙi kiranki a waya ne da gangan, don in na kira za ki katse ni da bayaninku na 'yan ofis, ni kuma so nake in faɗi tawa har ƙarshe.

Ranar nan kin ce mini wai saurin magana ne da ni, in rage. To, na rage. Na zauna gaban Babanki na miƙe wuya ina magana ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta labarai. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko lafiya, ko haƙori ne. Duk da haka abin naki bai rubuta ba. Na matso da bakina, na ja da baya, na yi ƙasa da murya, na ɗaga. A banza.

Tela da ke magana da allura a baki, tana jin sa. Mai kayan miya da ke ihu daga bakin titi, tana jin sa. Ni da na yi shekara da shekaru a gidan nan, ni ce ba ta gane harshena.

Kada ki ce ina kishi da waya, na wuce nan. Ina murna Babanki ya koma cikin mutane. Yanzu har aski yake zuwa ba sai na kora shi ba. Amma ki duba ki gani. Da can ba ya jin kowa, ni da sauran mutane duk ɗaya muke, na haƙura na ce haka Allah ya so. Yanzu yana dawowa da labarin kowa a bakinsa, wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, ni kuma sai dai in rubuta masa "abinci ya sauka" a bayan kwalin sabulu. Jiya ya miƙo mini wayar, na ce ya bar ta kawai, na gaji. Na ga yadda ya mayar da ita aljihu. Ban ji daɗin kaina ba.

In muryata ce ba ta da kyau, ki faɗa mini gaskiya in sani. In kuma gyara ne, ki gyara. Ke kika ɗauko, ke za ki sauke.

Ki riƙa cin abinci. Ban yarda da zancen hoto ba.

Mamanki

*

Zuwa ga Mama da Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya, kuma wannan ku karanta ta tare.

Mama, ki yafe mini zancen saurin magana. Muryarki ba ta da laifin komai, kuma ina da shaida.

Da na karanta wasiƙarki ban iya taɓa wani aiki ba. Akwai abokin aikina da muke kira Dogo, yana da durowa cike da tsofaffin wayoyi na gwaji. Muka zazzage ta a kan tebur har muka samu irin ta Baba sak, gilashinta a tsage. Na caja ta, na yi ta 'yan danne-danne, na saka manhajar, sannan na kunna mata saƙon muryar nan da kika taɓa aiko mini kina faɗa a kan na bar taga a buɗe ruwa ya jiƙa katifa. Kin san a saƙon nan ko numfashi ba ki tsaya yi ba. Mama, ta rubuta shi tsaf, har da "ke dai Allah ya shirye ki" na ƙarshe. Dogo ya ce wannan uwa ta iya tsara magana.

Sai kaina ya ƙara ɗaurewa. In tana jin ki a nan, me ya hana ta a gida? Ana haka aka kira mu taro. Na ajiye wayar na tafi. Da na dawo na ɗauke ta, na danna kore, na sake kunna saƙon. Sai ga ta tana in'ina, kalma ɗaya a nan, ɗaya a can. Waya ɗaya, murya ɗaya! Nan na sa manhajar ta nuna mini amsar da ake ba ta in ta yi tambayarta. Ta nuna: ɗaya. Na yi wani ihu har Oga ya fito daga ofishinsa da kofi a hannu.

Ga abin da ke faruwa. Irin wayar Baba tana da tattalin batir. In aka ajiye ta ba a aiki da ita, sai ta sallami ma'aikata uku su kwanta, ta bar ɗaya yana gadi. In aka tambaye ta nawa gare ta, waɗanda ke tsaye kawai take ƙirgawa. Da safe Baba yana gama kallon ƙwallo yake buɗe manhajar, duk huɗun idonsu biyu, sai a ce mata huɗu. Da la'asar kuwa daga kan kanta yake ɗauko ta, ta sha barci tare da shi, sai a ce mata ɗaya. Ita kuma sai ta yarda, ta ɗora wa mai gadi duk kayan, ba ta sake tambaya. Da Tela ne ke zuwa hira da la'asar, da shi za ta yi wa haka.

Na sauya tambayar. Akwai wani wuri a can cikin wayar inda aka jera duk ma'aikatan, na tsaye da na kwance. Yanzu can take zuwa ta ƙirga da kanta. In ta raba aiki huɗu, wayar tana ganin kaya sun yi yawa sai ta tashe su. In kuma ta shiga wayar da ba ta bari a leƙa wurin, sai ta koma tambayar farko, amma ta riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Mun gwada a duk wayoyin durowar Dogo, muna barin su su yi barci muna tashin su. Oga da ya ga abin ya ce in ci gaba da shi a lokacin aiki, ba sai na saci sarari ba.

Sabuwar tana wurin mai gyara. Mama, don Allah ki ƙara gwadawa sau ɗaya, kuma da muryarki ta kullum.

'Yarku,
Auta

*

Daga Babanki zuwa ga Auta.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa, da albarka mai yawa.

Wasiƙarki ta zo, na karanta na miƙa wa Mamanki. Ta karanta ta ce to, ta ji, amma ita ba za ta sake zama gaban waya kamar mai neman aiki ba. Ban ja da ita ba. Na kai aka saka sabuwar, na dawo gida abina.

Da la'asar na tashi daga barci na ɗauko wayar daga kan kanta. Mamanki tana kicin, ta ba ƙofa baya, tana yanka albasa. Na jawo 'yar kujerar nan mai gajeren ƙafa na zauna a bakin ƙofa, kamar yadda na saba zama in sha iska. Na ce bari in gwada ko ƙarar wuƙa za ta rubuta. Na danna kore.

Auta, sai ga rubutu yana zubowa. Na ɗaga kai na duba, babu kowa a kicin sai ita. Ga abin da na karanta, ban ƙara ban rage ba:

"Ga shi nan ya zo ya zauna, ko sannu da aiki babu. Rigar nan ma tun jiya ce. Kai Foman, ka san maƙwabciya ta ba da aron tukunyata ga wata, aro a kan aro? Famfon nan kuma sai ɗiga yake, na gaji da tara masa roba. Jiya na yi mafarkin ɗakinmu na farko, na bayan masaƙa, lokacin da kake dawowa da auduga har a gira, in ce ka tsaya a waje in kakkaɓe ka. Askin nan ya yi maka kyau. Da kana ji da ban faɗa ba, kada kanka ya kumbura."

Na ce, "Ai ya riga ya kumbura."

Wuƙar ta faɗi ƙasa. Ta juyo ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Tun daga ina?" Na ce, "Tun daga riga." Ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce ai wannan satar ji ce, kuma babba da ni bai kamata ba. Na ce kurma ne ya yi satar ji, a kai ƙara duk inda za a kai.

Na tambaye ta ko yau ta fara. Ta ce wace yau? Kullum in na zauna a wurin nan haka take yi, tun ranar da likita ya ce kunnen ba zai dawo ba. Labarin unguwa, da na ku yara, da abin da ya ba ta haushi, duk tana faɗa mini. Ta ce in ba ta faɗa mini ba, wa za ta faɗa wa? Ni kuma ina zaune a bayanta duk shekarun nan, ina ganin kamar shiru muke yi tare.

Idanunta suna ta ruwa, ta ce albasa ce. Ni da nake bakin ƙofa, ban san yadda aka yi albasar ta iso ni ba.

Ta jawo bokiti ta kife ta zauna kusa da ni, na ɗora wayar a gwiwata. Muka yi ta hira har abin da ke kan wuta ya kama. Mun ci shi haka nan da ƙaurinsa, babu wanda ya yi ƙorafi. Gobe zan gyara famfon.

Ki gaishe da Dogo da Oganku. Ke kuma ban san abin da zan ce miki ba. Allah ya ba ki masu yi miki.

Wassalam.

Babanki

*

Auta,

Sallama. Muna lafiya.

Yau mun yi faɗa da Babanki, alhamdu lillahi. A kan firijin falo ne. Na ce kafin a haife ki muka saya, ya ce bayan an yaye ki. Na faɗi tawa, wayar ta rubuta masa ba ta rage ko wasali ba. Ya ce kada in yi masa ihu. Na ce a ina ya ji ihun? Ya ce a fuskata ya gani. Daga nan ya yi fushi ya kife wayar a kan tebur, wai shi ya toshe kunne ke nan.

Ni kuwa na ci gaba da shan shayina. Ko rabin kofi ban kai ba na ga hannu ya lallaɓo ya juya ta.

Ki zo hutu ki raba mu. Ni ce da gaskiya.

Mamanki